Yadda Muka Shawo Kan Cushewar Cikin Tsohuwar Mage a Legas

Ranar da aka kawo ta asibitin dabbobin da nake aiki, cewa aka yi zawo take yi. Jikan mai ita ne ya ɗauko ta a kwali daga Agege, ta wajen Oko-Oba. Mage ce mai shekara 14, nauyinta kilo 3.4, gashin ƙarƙashin wutsiyarta duk ya dame da wani ruwa mai yauƙi, kalar ƙasa. Kwana biyu suka yi suna ɗura mata maganin tsayar da zawo na yara. Likita ya tsayar da ita a kan tebur, na riƙe ta ta kafaɗu, ya zura yatsunsa ƙarƙashin cikinta ta wajen cinyoyi, sai ya ji abu mai tauri ya miƙe a ciki, kaurinsa ya kusa na rake. Ashe ba zawo ba ne. Bayan gida ne ya bushe ya toshe babban hanji, hanjin yana ta tsatso majina don ya ture shi, ɗan ruwan da ke baya kuma yana bi ta gefe yana ɗigowa. Maganin da suka ba ta ƙara ɗaure cikin ya yi.

Da yake ni ne mai jin Hausa a wurin, ni na kira mai ita a waya. Na ce, "Hajiya, yaushe rabonku da ganin bayan gidanta sosai, ba wannan ruwan ba?" Ta ce, "Ɗan nan, ya kai kwana biyar. Tana shiga yashinta ta tsuguna, ta yi ta nishi, ta tashi ba komai. Jiya ma har da amai." Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce amfani, kuma da yawa daga masu mage ba sa iya amsa ta. Mage mai lafiya takan yi bayan gida sau ɗaya a rana, wata ta ɗan zarce zuwa kwana ɗaya da rabi. In ta kwana biyu ba ta yi ba, a sa mata ido. In ta shiga kwana na uku, ko ta daina cin abinci, ko ta fara amai, sai asibiti.

Kafin a taɓa hanji, mafitsara ake fara dubawa. Dabbar da fitsari ya toshe mata da wadda cikinta ya cushe tsuguno ɗaya suke yi, nishi ɗaya, kuka ɗaya. Muzuru ne wannan ya fi samu saboda hanyar fitsarinsa siririya ce, kuma in ta toshe yana iya mutuwa cikin kwana biyu zuwa uku. Don haka duk mai muzurun da ya ga yana yunƙuri, ya tona yashin ya nemi jiƙar fitsari. In babu, ko ya taɓa mararsa ya ji abu mai tauri kamar lemon zaƙi, kada ya matsa, kada ya jira gari ya waye, ko da cunkoson hanya ya kai yaya. Mafitsarar tamu magen da laushinta, fitsari na fita, sai muka wuce.

Aikin babban hanji shi ne tsotse ruwa daga abin da ya rage na abinci. Muddin bayan gida yana zaune a ciki, tsotsar ba ta tsayawa, kuma in jiki na ƙishin ruwa sai hanjin ya ƙara himma. To tsohuwar mage, ƙodarta ce ke fara gajiya. Ƙodar da ta gaji ba ta iya tace fitsari ya yi kauri, sai ya dinga fita da yawa, fari kamar ruwan famfo. Magen tana shan ruwa fiye da da, mai ita yana murna, alhali abin da ke fita ya fi abin da ke shiga. Giɓin nan daga hanji jiki ke cike shi. Shi ya sa a wurin tsohuwar mage cushewar ciki yawanci alama ce ta rashin ruwa a jiki, maganin sakin ciki kuma shi kaɗai ba ya kai ko'ina.

Na ɗaga leɓenta na taɓa dasashinta, ya manne wa yatsana kamar an shafa ƙaro. Na mai lafiya santsi yake da danshi. Jan fatar wuya a saki a ga ko za ta koma da sauri gwaji ne da aka sani, amma fatar tsohuwar mage ramammiya takan tsaya ko da ruwa a jikinta, don haka dasashi ya fi gaskiya. Likita ya ƙiyasta ta rasa kaso 7 cikin 100 na nauyinta a ruwa, wato kusan mililita 240, rabin ledar fiya wata ke nan. Gwajin jini ya nuna kiriyatinin ɗinta, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, ya kai 2.1, wanda ke cikin mataki na biyu na ciwon ƙoda, matakin da ya kama daga 1.6 zuwa 2.8. Kaurin fitsarinta 1.018, na mai lafiyar ƙoda kuwa yakan haura 1.035. Sinadarin fotashiyam ya yi ƙasa, shi ma yana bin fitsari ya zube, kuma in ya yi ƙaranci tsokar hanji ba ta da ƙarfin turawa. An ajiye cewa za a sake gwajin bayan ta cika da ruwa, domin bushewar jiki kanta tana ɗaga lambar ƙoda.

Hoto ya nuna abu uku. Hanjin a cike yake tun daga ƙugu har kusa da haƙarƙari, da ɓarɓashin ƙashi fari-fari a ciki. Ƙashin ƙugunta bai taɓa karyewa ba, wanda abin farin ciki ne, domin magen da mota ko acaɓa ta taɓa bugewa, ƙugun yakan haɗe a tsuke ya rage wa bayan gida hanya har ƙarshen rayuwarta. Na uku, gaɓoɓin bayanta da na cinyoyi sun sha jiki. Wannan ba baƙon abu ba ne, kusan tara cikin goma na magunan da suka haura shekara 12 hotonsu na nuna lalacewar gaɓoɓi. Mage ba ta ɗingishi kamar kare. Daina hawa taga take yi, ta daina lasar bayanta, ta dinga riƙe bayan gida saboda tsugunon yana mata zafi. Likita ya kuma auna faɗin hanjin da tsawon ƙashin baya na biyar na wajen kwankwaso. In faɗin ya kai kusan ninki ɗaya da rabi na wannan ƙashin, alama ce hanjin ya saki ya zama buhu, tsokarsa ta mutu. Nata bai kai ba.

Ba a fara da fitar da bayan gidan ba. Leda aka sa mata ta jijiyar hannu, ruwan Hartmann's da ƙarin fotashiyam a ciki, aka bar shi yana ɗiga a hankali kwana guda cur. Jikan ya ƙosa, yana tambaya me ya hana a yi mata ɗuri a sallame su. Dalili shi ne duk ruwan da aka zuba a hanjin busasshiyar dabba, hanjin shanye shi zai yi, bayan gidan ya zauna yadda yake, ga kuma haɗarin allurar barci ga ƙodar da ba ruwa.

Washegari aka yi mata allurar hana amai, sannan ɗurin ruwa ta dubura. Ma'auninsa mililita 5 zuwa 10 ga kowane kilo, sai aka ɗebi 25 na ruwan ɗumi, ɗumin da bai fi na jiki ba, aka dama shi da man santsi irin na asibiti mai narkewa a ruwa. Da lallausan bututun roba aka shigar, a hankali, cikin minti kusan goma. In aka tura da sauri amai take yi nan take, kuma bututu mai tauri yana iya huda hanji. Bayan awa uku ta fitar da dunƙule biyu kamar ƙwallon dabino. Aka maimaita da yamma, ta ƙara uku. Ragowar ya fi ƙarfin ƙofar, dole aka yi mata allurar barci, aka sa mata bututun numfashi a maƙogwaro don kada amai ya koma huhu, likita yana murƙushe dunƙulen ta bayan fatar ciki da hannu ɗaya, yana fitar da gutsuren da yatsan ɗaya hannun. Ya ɗauki wajen minti arba'in. Abin da ya fito fari-fari ne, yana garewa kamar alli, cike da ƙayar kifi da dunƙulen gashi.

A nan zan tsaya kan abubuwan da ake ba mage a gida da kyakkyawar niyya, suna hallaka ta. Na farko, ɗurin dubura na mutane da ake sayarwa a kemis cikin 'yar robar matsawa, irin su Fleet, mai sinadarin fosfet. Jikin mage yana shanye shi, kalsiyam ɗin jininta ya faɗi, ta kama jijjiga, tana iya mutuwa cikin 'yan awanni. Ruwan sabulu ko na omo ƙone bangon hanji yake yi. Man farafin da ake ɗurawa ta baki ba shi da ɗanɗanon da zai sa ta haɗiye shi da kyau, sai ya zarce huhu, huhu kuwa ba ya iya fitar da mai. Ɗura man ja ko man gyaɗa da ƙarfi haɗarinsa ɗaya ne. Farasitamol ko rabin ƙwaya yana kashe mage, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Filasko da jiƙon tsamiya da muka saba da su, ba wanda ya san ma'auninsu ga dabba mai kilo uku, kuma tilasta wa hanji turawa alhali gabansa a toshe azaba ce kawai. Kanwa ma ba ta maye gurbin fotashiyam, mafi yawanta gishirin sodiyam ne. Madara kan saki ciki, gaskiya ne, amma saboda yawancin manyan maguna ba sa narkar da sukarinta ne, ƙarshenta zawo da ƙarin asarar ruwa.

Kwana uku ta yi aka sallame ta, aka ce in dinga leƙa gidan. Fitar da abin da ya cushe aikin yini ɗaya ne. Hana shi sake taruwa shi ne na kullum, kuma a hannun mutanen gida yake.

Da ruwa muka fara. Mage na buƙatar kusan mililita 50 ga kowane kilo a rana, nata ya kama 170, mai ciwon ƙoda kuma ta fi haka. Asalin mage dabbar busasshiyar ƙasa ce, ruwanta daga naman da take ci take samu, ƙishirwa ba ta cika kai ta bakin kwano ba. Don haka ta abinci ake shigar da ruwan. Abincin da take ci a da busasshe ne na buhu, wanda ruwan cikinsa bai wuce kaso 10 ba, sai kan kifi da ƙayarsa da ake jefa mata. Abincin gwangwani ko na ƙaramar leda kuwa kaso 75 zuwa 80 ruwa ne, leda mai giram 85 tana ɗauke da kusan mililita 65. Muka tsara mata leda biyu da rabi a rana, na masu ciwon ƙoda, a raba sau huɗu, kowane ci a ƙara masa mililita 20 na ruwan ɗumi a dama. In aka lissafa ya kusa 240 ba ta ko je kwano ba. Ba a sauya mata rana ɗaya ba, kwana goma aka yi ana rage tsohon ana ƙara sabon. Tsohuwar mage na iya ƙin sabon abinci har ta zauna da yunwa, in kuwa ta kwana biyu zuwa uku ba ta ci ba kitse ke taruwa a hantarta, ciwo ne da ya fi wanda ake magani. Ɗan ɗumama abincin yana taso da ƙamshinsa, don hancin tsohuwa ya dushe.

Zafi da danshin Legas ba sa barin jiƙaƙƙen abinci. Abin da ba ta ci ba cikin rabin awa zuwa awa ɗaya a kwashe, kafin ƙuda ya same shi. Gidan da wuta ba ta zama, gara a sayi ƙananan leda da za a cinye a yini da babban gwangwanin da zai kwana a firjin da ya huce. Kwana biyu da abincin ya yanke, Hajiya ta dafa tsokar kaza a ruwa zalla ta markaɗa da romonta. Wannan ya yi na ɗan lokaci, amma ba ya zama abincin dindindin don bai cika ba. Sharaɗin romon shi ne ba albasa, ba tafarnuwa, ba magi, ba gishiri, ba yaji. Albasa da tafarnuwa fasa jajayen ƙwayoyin jinin mage suke yi, ko ɗanye ko dafaffe.

Kwanon ruwanta ƙarami ne mai zurfi, a gefen na abinci. Muka canja zuwa masu faɗi guda uku, a cika su har baki don kada gashin bakinta ya dinga gogar gefe, a ajiye nesa da abinci da yashi. Na tambayi inda ta fi son sha, aka ce duk sanda Hajiya ke alwala sai ta zo ta lashi ruwan da ya taru a kan siminti. Nan muka ajiye mata kasko na ƙasa, wanda ke riƙe sanyi. Shi ne ta fi sha har yau.

Maganin da aka rubuta mata laktulos ne, ruwan nan mai kauri da ake samu a kemis, wani da sunan Duphalac. Sukari ne da ƙaramin hanji ba ya narkarwa, sai ya wuce babban hanji ya jawo ruwa cikin bayan gida. Ruwan kuwa daga jikin magen yake jawo shi, shi ya sa ba a ba busasshiya. Ma'aunin farawa rabin mililita ga kowane kilo, sau biyu ko uku a rana. Nata 1.7 sau biyu. Da yake lokutan sallah ba sa matsawa sosai a Legas, muka ɗaura shi da bayan asuba da bayan magariba, tazarar ta kusa awa goma sha biyu. An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a nan sirinji ake so, mai mililita 3, an cire allurar.

Yadda ake ba ta: a naɗe ta da tawul har wuya, ƙafafun gaba a ciki, a zaunar da ita a cinya bayanta na jingine da cikin mai riƙo. A zura bakin sirinjin ta gefe, bayan fiƙa, inda akwai giɓi. Kanta ya tsaya daidai, kada a ɗaga shi sama, don ɗagawar ce ke sa ƙwaruwa. A tura kamar rabin mililita, a jira ta haɗiye, a ƙara. A bi da ruwa mililita biyu, sannan a goge haɓarta da jiƙaƙƙen tsumma. Mage ba ta jin zaƙi a harshenta, danƙon ne ke damunta, sai ta yi ta dalalar da yawu. In aka bar shi a gashinta dunƙulewa yake yi, kiyashi kuma ya bi ta har makwancinta. Aikinsa ba ya nunawa sai bayan kwana ɗaya ko biyu, don haka ba a ƙara ma'auni da yamma don safiya ba ta yi ba. Magen da ta ƙi laktulos ƙememe, akwai garin makrogol 3350, wanda a Amurka ake sayarwa da sunan MiraLAX. Ba shi da ɗanɗano, ana barbaɗa kashi ɗaya cikin takwas zuwa kwata na cokalin shayi a jiƙaƙƙen abinci sau biyu a rana. Wani samfurinsa yana zuwa haɗe da gishiri a cikin leda, wannan sai an nuna wa likita kafin a ba mai ciwon ƙoda ko zuciya.

Yashinta a wani baho mai tsayi yake, can ƙarshen tsakar gida, sai ta sauka matakala biyu sannan ta haura bakin bahon. Muka samo roba mai faɗi, tsawonta ya kai ɗaya da rabi na jikin magen, muka yanke gaba ɗaya ya rage santimita 5, muka goge kaifin. Aka zuba yashi mai laushi zurfin yatsa uku, aka ajiye ɗaya kusa da inda take kwana, ɗaya a barandar da ruwan sama ba ya kaiwa. Ana kwashe ƙazanta safe da yamma, domin mage ta gwammace ta riƙe da ta taka datti. Maganin zafin gaɓoɓi likita ya jinkirta shi sai da aka sake gwajin ƙoda bayan sati biyu, sannan ya ba da meloksikam a ƙaramin ma'auni, da sharaɗin a tsayar ranar da duk ba ta ci abinci ba ko ta yi amai. Na mutane irin su ibufurofen da dikulofenak kashe ƙodar mage suke yi. An kuma sa jikan taje ta kullum, don gashin da bai shiga ciki ba ba zai dunƙule a hanji ba.

Abin da ya fi kome taimakonmu littafi ne ɗan ƙarami mai layi. Kowace rana a rubuta magani nawa aka ba ta da wanda ya ba ta, abinci nawa ta ci, ta yi bayan gida ko ba ta yi ba, da lambarsa. Lamba 1 shi ne ƙwaya-ƙwaya busasshe kamar na awaki. Lamba 2 dogo ne amma da tauri da tsagewa. Lamba 3 dogo mai danshi kamar yumɓun da aka kwaɓa, ana ɗaga shi ba ya wargajewa. Lamba 4 taɓo, 5 ruwa. Abin nema 3 ne. In aka kwana biyu a 1 ko 2 a ƙara rabin mililita, in aka ga 4 a rage rabi, in 5 ne a tsallake ci ɗaya a kira mu.

Tafiyar ba ta yi sumul ba. A sati na farko ta yi zawo na gaske kwana biyu, dasashinta ya sake bushewa. Da muka bi diddigi, Hajiya na ba ta laktulos ɗin bayan asuba, jikan kuma kafin ya fita kasuwa shi ma ya ba ta, kowa bai san da ɗan'uwansa ba. Daga nan aka ƙara layin suna a littafin. A sati na uku aka gwada ƙara mata garin ɓawon ƙwayar wani tsiro da ake kira siliyum, kwata na cokalin shayi, sai bayan gidan ya yi kauri ya yi yawa, nishi ya dawo. Irin wannan garin ruwa yake sha ya kumbura. Ga mage mai isasshen ruwa da hanji mai ƙarfi yana da amfani, amma ga wadda ruwanta ke kan gaɓa, ko hanjinta ya fara saki, ƙarin kaya ne ga wanda ya gaji. Aka daina, aka koma cokalin shayi ɗaya na dafaffiyar kabewa ba gishiri, wannan ya zauna mata. Sai kuma wata rana bayan gidan ya fito fari yana garewa. Ba mu sha wahalar nema ba, maƙwabciya ce ke jefo mata kan kifi banda saboda tausayi. Hajiya da kanta ta shiga ta yi mata bayani.

Da zafin Fabrairu da Maris ya kama, littafin ya fara nuna 2, 2, sannan kwana biyu ba komai, duk da an kai maganin mililita 2.5. Ƙara shi kuma tsotse jikin kawai zai yi. Likita ya saurari zuciyarta ya ji lafiya lau, sai ya ce a fara ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata a gida, mililita 100 sau biyu a sati. Ni na koya wa jikan. Ledar Hartmann's ce kaɗai, kada a kuskura a sa mai gulukos, don shi rurewa yake yi a ƙarƙashin fata ya zama ƙurji. A tsoma ledar a ruwan ɗumi har ta kai ɗumin jiki, bakinta na waje. A rataye ta a ƙusa kamar mita ɗaya sama da magen, a sa sabuwar allura kowane lokaci, lamba 20 ko 21, a buɗe ruwan ya kore iskar da ke cikin igiya, a ja layi da alƙalami a jikin ledar inda za a tsaya. A ɗaga fatar tsakanin kafaɗunta ta yi kamar bukka, a soka allurar a gindin bukkar, a kwance, tana bin tsawon baya. In ruwa na zuba a gashi, allurar ta ɓulla ta ɗaya gefen, a ja ta baya kaɗan. In ya ƙi gudu, bakinta ya manne da fata, a ɗan juya ta. Minti biyar zuwa goma ya isa, ana ba ta abin lasa a faranti tana ci. Bayan an zare a matse wurin na ɗan lokaci. Ruwan zai taru ya yi ƙullutu, ya gangaro wajen ƙirji ko ƙafar gaba, wannan ba komai, cikin awa shida zuwa takwas jiki ya shanye. In lokacin na gaba ya zo ƙullutun bai ɓace ba, ko numfashinta tana barci ya haura 30 a minti, a dakata a kawo ta, zuciya ce ta kasa ɗauka. Kwana biyu bayan ledar farko ta yi lamba 3.

Akwai magunan da duk wannan ba ya riƙe su, waɗanda hanjinsu ya riga ya zama buhu. Su ake ƙara wa sisafirayid, maganin da ke sa tsokar hanji motsi, miligiram 2.5 sau biyu ko uku a rana. An janye shi daga kasuwar magungunan mutane wajajen shekarar 2000 saboda yana rikita bugun zuciyar wasu, don haka ba a kan kantar kemis yake ba, ta hannun likitan dabbobi ake nemansa, kuma ba a ba da shi sai an tabbatar hanjin ba a toshe yake ba. In an kai ga ana yi wa mage allurar barci a kai a kai don kwashe mata ciki, sai a yi maganar tiyatar cire mafi yawan babban hanjin. Yawancinsu suna samun sauƙi sosai, sai dai sukan yi makonni, wasu watanni, suna bayan gida mai ruwa-ruwa. Ga mai shekara 14 da ciwon ƙoda, shawara ce da sai an zauna an auna.

Tamu ba ta kai nan ba. Wata bakwai ke nan da sallamarta. Tana kan laktulos mililita 2 safe da yamma, ƙarin ruwa ya koma sau ɗaya a sati tun da damina ta sauka, garin fotashiyam a abinci, gwajin jini duk wata uku. Nauyinta ya koma 3.7. Zuwana na ƙarshe na tarar da ita a bakin taga, inda aka sa mata kujera 'yar tsuguno ta zama matakala. Hajiya ta miƙo min littafin ta ce, "Duba nan, ɗan nan, Talata ce kawai ba ta yi ba, Laraba da hantsi ta yi." Na duba, sauran layin sati duk 3 ne, sai ranar Juma'a da aka rubuta 4, aka rage rabin mililita da magariba.